Mai Riƙe da Makullin Zaure: Me Ake Nufi da Kafa Sabar Hira ta Kai?

Ranar Litinin 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke ɗif a faɗin duniya na kusan awa shida. Masu ciniki ta waya suka yi cirko-cirko, wasu suka yi ta kashe data suna kunnawa, suna zaton laifin kamfanin layinsu ne. Bayanin da kamfanin da ya mallake su ya fitar daga baya ya nuna babu hannun masu kutse a ciki. Ana cikin aikin gyara na yau da kullum ne aka ba na'urorin kamfanin wani umarni don a auna ƙarfin manyan hanyoyin da suka haɗa rumbunan bayanansa, sai umarnin ya tsinke hanyoyin baki ɗaya. Manhajar da aka ɗora wa alhakin tantance irin wannan umarni kafin ya wuce ita ma ta gaza, saboda wani aibu da ke jikinta. Har sai da aka tura injiniyoyi da ƙafafunsu zuwa inda na'urorin suke kafin al'amura su daidaita. WhatsApp, manhajar da kamfaninta ya ce tun a 2020 masu amfani da ita sun haura biliyan 2, umarni ɗaya ya rufe mata baki.

Abin da ranar ta tuna wa jama'a shi ne saƙo ba ya tashi daga wannan waya ya faɗa waccan kai tsaye. Sai ya fara yada zango a wata kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Ita ke tantance wanda ya shigo, ta riƙe saƙo idan mai shi ba ya kan layi, ta miƙa masa da zarar ya dawo. Kamar zauren gida take: mai shiga da mai fita duk ta nan za su bi, wanda ke zaune a ciki kuma ya san baƙin gidan kaf. Ba manyan kamfanoni kaɗai ke iya gina irin wannan zaure ba. Tun a 1988 Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro IRC a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finlan, jami'o'i da ɗaiɗaikun mutane ne kuma suka riƙa kunna sabobinsa. A 1999 wani Ba'amurke mai suna Jeremie Miller ya fito da Jabber, wanda hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da shi a 2004 da sunan XMPP. Ƙa'idar a buɗe take ga kowa, adireshin mutum a cikinta kamar na imel yake, suna da alamar @ da sunan sabar da yake kai. WhatsApp ɗin kansa da wata sabar XMPP mai suna ejabberd ya fara, kafin injiniyoyinsa su sassaƙa ta ta dace da buƙatarsu.

Ke nan makaranta, ko ofishin lauyoyi, ko gidan jarida, na iya kafa tasa sabar, hirar ma'aikatansa ta riƙa bi ta kwamfutar da shi ke da iko da ita. Masu tallata wannan hanya sukan yi magana kamar da an kafa ta shi ke nan an tsira. Ban yarda da haka ba. Kafa saba ba ya kawar da buƙatar amincewa da wani, wanda za a amince da shi kawai yake sauyawa, daga kamfanin da ke Kalifoniya zuwa wani mutum da ka san fuskarsa. Tsaron irin wannan saba kuwa a wuri biyu yake: shawarwarin da wannan mutum ya rubuta a fayil ɗin saiti, da kulawar da yake ba ta bayan ranar da aka kunna. Wannan ne ya sa nake ganin layin umarni, baƙin allon nan mai fararen haruffa da mutane ke gudu, ya fi kowane wuri dacewa da aikin, domin a can duk shawarar da aka yanke a rubuce take, ana iya karanta ta, ana iya tuhumar wanda ya yanke ta.

Za a iya cewa wannan ɓata lokaci ne, tunda tun Afrilun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni daga waya zuwa waya da fasahar manhajar hira ta Signal, ta yadda kamfanin ma ba ya iya karantawa. Gaskiya ne, kuma ci gaba ne babba. Sai dai wasiƙa ba abin da ke cikin ambulan kaɗai ba ce, akwai abin da ke rubuce a bayansa. Wa ya tuntuɓi wa, yaushe, sau nawa, daga wane adireshin intanet, su wa ke cikin wane rukuni, duk waɗannan ba a kulle su, domin da su sabar ke aiki. Wanda ya ga ana kiran likitan wata cuta kowace Talata ba ya buƙatar jin abin da aka tattauna. Michael Hayden, tsohon shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka na NSA da CIA, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa suna kashe mutane bisa irin waɗannan bayanai na bayan ambulan. A Najeriya abin ya ƙara nauyi, domin tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, asusun da aka gina kan lambar waya kuwa a ɗaure yake da sunan mai shi na ainihi. A Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar. Asusun XMPP ba ya neman lambar waya, bayanan bayan ambulan kuma a hannun mai sabar suke tsayawa. Wannan ita ce ribar, kuma ita ce kayan da ya ɗaukar wa kansa.

Aikin yakan fara da hayar kwamfuta a wani rumbun bayanai, mai ɗauke da wani nau'in Linux kamar Debian ko Ubuntu. Ba ta da allo, ba ta da linzami, mai ita ma wataƙila ba zai taɓa ganin ta da idonsa ba. Ta wata manhaja mai suna SSH ake shiga, wadda Tatu Ylönen ya rubuta a 1995 a Helsinki bayan an yi satar kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsu.  Shawara ta farko tun kafin a taɓa manhajar hira ake yanke ta. Duk kwamfutar da aka jona da intanet, ba a daɗewa manhajojin ɓarayi masu aiki da kansu za su fara ƙwanƙwasa ƙofarta mai lamba 22, suna gwada kalmomin sirri dare da rana. Mai hankali zai buɗe fayil ɗin saitin SSH ya rubuta PasswordAuthentication no, wato an hana shiga da kalmar sirri, sai da makullin lissafi da ke ajiye a kwamfutarsa. Sannan ya tayar da katanga, ya rufe duk ƙofofi sai waɗanda ake buƙata: 5222 da wayoyi ke shigowa ta ita, da 5269 idan yana son sabarsa ta yi hulɗa da sauran sabobi.

Bari mu ɗauki Prosody misali, sabar XMPP ce da Matthew Wild da abokan aikinsa suka fara a 2008, an rubuta ta da harshen Lua, kuma rashin nauyinta ya kai ta yi aiki a kan 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi mai girman tafin hannu. Saka ta layi ɗaya ne: apt install prosody. Wanda ya ɗauka a nan aikin ya ƙare, ko ruwan kwaɓin bai ɗebo ba. Ainihin aikin yana cikin fayil guda mai suna prosody.cfg.lua, a cikin jakar /etc/prosody. Idan ka buɗe shi za ka tarar da rubutu ne zalla, mafi yawansa bayani ne ga mai karatu. Duk layin da ya fara da 'yan karan ɗori biyu, wato --, sabar ba ta kula shi. Akwai jerin ƙananan sassa da ake iya kunnawa, kowanne da sunansa a layinsa, kunna shi kuwa goge 'yan karan nan biyu ne kawai. Can ƙasa akwai layin VirtualHost inda ake rubuta sunan sabar, wanda zai zo bayan alamar @ a adireshin kowa. Mutum zai iya karance fayil ɗin kaf kafin shayinsa ya huce, ya kuma san duk abin da zaurensa ya yarda da shi da wanda ya hana.

Layuka uku daga ciki sun isa su nuna cewa saiti hukunci ne ake yankewa a kan mutane. Na farko shi ne allow_registration = false. Idan aka mayar da shi true, kowa a duniya na iya buɗe asusu a sabar ba tare da izini ba, kuma masu watsa saƙonnin banza sun daɗe suna farautar irin waɗannan sabobi, har sauran sabobi su ƙaurace wa wadda ta zama matattararsu. A bar shi a rufe, a riƙa buɗe wa kowane mutum asusu da umarnin prosodyctl adduser, ko a aika masa takardar gayyata. Na biyu shi ne authentication = "internal_hashed", wanda ke sa sabar ta niƙa kalmar sirri kafin ta ajiye ta. Gari ba ya komawa tsaba, saboda haka ko an sace fayil ɗin, ɓarawo sai ya yi ta gwaji kafin ya gano kalmar, shi kansa mai sabar ba ya ganin ta. Na uku ya fi su wuyar yankewa: archive_expires_after = "1w". Sabar kan ajiye saƙonni don wanda ke da waya da kwamfuta ya gan su a duka biyun, layin nan kuwa cewa yake a share su bayan mako guda. Ma'aikata za su so a mayar da shi shekara, ko a hana sharewa gaba ɗaya, don su riƙa komawa tsohuwar magana. Amma abin da ba a ajiye ba, ba a sace shi, ba a kuma tilasta wa kowa ya miƙa shi. Ofishin lauya da makarantar firamare ba za su ba da amsa ɗaya ba, kuma babu manhajar da za ta amsa musu.

Me ya hana a yi duk wannan ta shafi mai maɓallai da hotuna? Akwai sabobin da ke da irin wannan shafi, kuma babu musu ya fi sauƙin koyo. Sai dai shafin gudanarwa ƙarin ƙofa ce a jikin gida, ga shi ita ce ke kai mutum har ɗakin maigida. A Mayun 2023 aka bayyana wata ɓaraka a shafin gudanarwar Openfire, wata sananniyar sabar XMPP, wadda ke ba baƙo damar tsallake tantancewa ya buɗe wa kansa asusun shugaba, daga nan ya ɗora mugunyar manhaja. An toshe ɓarakar, amma watanni bayan haka masu bincike suka tarar da dubban sabobi a intanet ba a sabunta su ba, masu kutse na ta shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan haka, abin da aka yi da danna maɓalli ba ya barin sawu, ranar da abu ya lalace kowa zai ce ba shi ba ne. Fayil kuwa ana kwafarsa, a kwatanta na yau da na jiya, a nuna wa wani masani ya duba. Za a ce ai umarni ne ya kayar da Facebook, kuma haka ne, layin umarni ba ya tambayar mutum ko ya tabbata. Maganin wannan ladabin aiki ne: kada a zauna a asusun da ke da iko da komai sai da dalili, a kwafi fayil kafin a taɓa shi, a kuma buga prosodyctl check kafin a sake tayar da sabar, umarnin da ke duba saiti da bayanan adireshi da takardun shaida ya faɗi inda aka yi kuskure.

Takardar shaidar nan ita ce ke tabbatar wa waya cewa da sabar gaskiya take magana, da ita kuma ake kulle hanyar da ke tsakaninsu ta fasahar TLS. A da galibi sai an biya kuɗi ake samun ta, shi ya sa ƙananan sabobi da yawa suka zauna babu ita. A Mayun 2014 masu gudanar da sabobin XMPP da dama suka yi yarjejeniyar daina karɓar duk haɗin da ba a kulle ba, a 2015 kuma Let's Encrypt ta fara raba takardun kyauta. Takardunta na yau da kullum kwana 90 suke yi su mutu, don haka ake saka manhajar certbot ta riƙa sabunta su da kanta, a kuma tsara yadda Prosody za ta ɗauki sabuwar da umarnin prosodyctl cert import. Wanda ya manta da mataki na biyun, wata safiya zai tashi ya tarar wayoyin jama'arsa na nuna gargaɗi, kuma mafi munin abin da zai yi shi ne ya ce musu su danna su wuce, domin ranar ce ya koya musu raina gargaɗi.

Abin da ya faru da jabber.ru, ɗaya daga cikin tsofaffin sabobin XMPP na masu jin Rashanci, ya nuna dalili. A Oktoban 2023 mai gudanar da ita ya ga ana cewa takardar shaidarta ta mutu, alhali wadda ke kan sabar da sauran kwananta. Da aka bincika sai aka gano takardar da wayoyi ke gani daban take da wadda sabar ke miƙawa. Wani ne ya tsaya a tsakani. Sabobin a Jamus suke, an yi hayarsu daga kamfanonin Hetzner da Linode, kuma an karkatar da zirga-zirgar ƙofa ta 5222 ta bi ta wata na'ura kafin ta iso. Tunda mai karkatarwar na da iko da hanyar, ya iya gamsar da Let's Encrypt cewa shi ne mai adireshin, ta ba shi takardu sahihai, ta farkonsu tun a watan Afrilu. Masu binciken sun yi zargin umarnin hukuma ne aka aiwatar. Abin lura, ba a taɓa sabar kanta ba, saitinta daidai yake, manhajarta ba ta da laifi. Asirin ya tonu ne kawai saboda mai leƙen ya yi sakaci takardarsa ta mutu bai sabunta ba. Hanyoyin kariya suna nan: kowace takarda da aka bayar ana rubuta ta a wata rajista da kowa ke iya dubawa, mai saba na iya sa a sanar da shi idan an fitar da wata da sunansa, yana kuma iya gwada sabarsa daga waje ya kwatanta abin da take nuna wa duniya da abin da ke cikinta. Dukkansu ayyuka ne da sai wani ya tuna ya yi su.

Labarin ya kai mu ga ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi. Idan TLS hanya kawai yake kullewa, saƙo na isa sabar a buɗe, to me zai hana mai sabar karanta hirar abokan aikinsa? Kamfanin da ke can ƙetare bai damu da gulmar ofishinku ba, amma yaron da ke kula da kwamfutocin ofishin ya san kowa, ya san kuma wanda zai so jin abin da aka faɗa. Ɓarawon gida ya fi na waje sanin inda ake ajiya. Amsar ita ce saba mai kyau ana gina ta ne yadda ba sai an amince da mai ita ɗari bisa ɗari ba. A 2015 Andreas Straub ya tsara OMEMO bisa dabarar Signal, aka fara saka shi a Conversations, manhajar Android da Daniel Gultsch ke jagoranta. Da shi ake kulle saƙo a wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa, abin da sabar ke ajiyewa tarkacen haruffa ne. Amma sabar ce ke raba makullan, wanda ya mallake ta kuwa zai iya cusa nasa makullin. Saboda haka kowace waya na da tambarinta, kuma idan mutum biyu suka haɗu ido da ido, ɗaya ya ɗauki hoton tambarin ɗaya da kyamara, sun toshe wannan kafar. Masu amfani da jabber.ru da suka yi haka, mai leƙen bai samu abin karantawa a saƙonninsu ba. A lura kuma, zaurukan hira da aka buɗe wa kowa ba su da wannan kariya, sai na membobi zalla. Mai saba na gari shi da kansa zai matsa wa jama'arsa su tantance tambarin juna, wato ya ɗaure hannunsa da kansa.

Moxie Marlinspike, wanda ya kafa Signal, ya rubuta a 2016 cewa tsarin sabobi barkatai ba ya iya sauyawa da sauri, domin sai kowa ya yarda kafin a ci gaba, daga baya ya ƙara da cewa mutane ba sa son gudanar da saba kuma ba za su taɓa so ba. Yana da hujja. WhatsApp ya kulle saƙonnin ɗaukacin masu amfani da shi a dunƙule, XMPP kuwa ya kwashe shekaru kafin manhajojinsa su karɓi OMEMO. Babban kamfani na da ƙwararrun da ba sa barci, ƙaramar ƙungiya mutum ɗaya gare ta, shi ma da wasu ayyukan a kansa. Ko ƙwararru ma sukan faɗi. A Afrilun 2019 aka kutsa sabar matrix.org, ta mutanen da suka ƙirƙiro wata ƙa'idar hira mai suna Matrix, ta hanyar wata manhajar aiki mai suna Jenkins da aka bari ba a sabunta ba, har sai da aka fitar da kowa daga asusunsa. Da aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da sabobi da yawa ke kulle hanya da ita, a Afrilun 2014, duk mai sabar da abin ya shafa sai da ya tashi ya sabunta ya sauya makullai, wanda bai ji labari ba kuwa ƙofarsa ta ci gaba da zama a buɗe. Don haka na yarda cewa saba marar mai kula ta fi WhatsApp haɗari nesa ba kusa ba. Inda na rabu da Marlinspike shi ne, rashin dacewar abu da kowa bai sa ya zama bai dace da wasu ba. A labarin matrix.org ma, saƙonnin da aka kulle daga waya zuwa waya sun tsira.

Su wane ne waɗannan wasu? Ba iyali da ke son gaisawa da 'yan'uwa ba, domin 'yan'uwan suna WhatsApp kuma can za su zauna. Google Talk da hirar Facebook duk sun taɓa magana da harshen XMPP, daga baya suka rufe ƙofa, tun daga nan kuma mai ƙaramar saba ya daina sa ran jama'ar duniya za su same shi a can. Waɗanda abin ya dace da su ƙungiya ce mai iyaka, wadda ta san membobinta, take kuma da abin da bayyanarsa zai cutar da wani. Gwamnatin Faransa ta kafa wa ma'aikatanta Tchap a 2019 bisa Matrix, rundunar sojan Jamus ma ta yi nata mai suna BwMessenger. Ba a rasa abin dariya ba: ana ƙaddamar da Tchap wani mai bincike Bafaranshe ya yi wa tsarin tantance imel ɗinsa dabara ya buɗe asusu alhali shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Layin nan na wa aka yarda ya shigo ya ba gwamnati guda kunya. Irin wannan ƙungiya tana ma iya kashe sashen hulɗa da sauran sabobi ta rufe ƙofa ta 5269, zaurenta ya zama na 'yan gida zalla. Ko da haka akwai abin da ke zurarewa: sanarwar shigowar saƙo a iPhone ta hannun Apple take bi, kuma a Disambar 2023 Sanata Ron Wyden na Amurka ya bayyana cewa gwamnatoci na neman bayanan irin waɗannan sanarwa daga Apple da Google.

A ƙasashenmu akwai ƙarin lissafi. Ajiye sabar a ofis na nufin ita da wutar lantarki su riƙa ɗaukewa tare, sai an tanadi sola ko inbata, kuma layukan data na waya galibi ba sa ba da adireshin da za a iya riskar kwamfuta da shi daga waje. Hayar ta a ƙetare kuma biya ne da dala, ga zama ƙarƙashin dokar ƙasar da take, kamar yadda jabber.ru ta gani. Game da toshewa, lokacin da Chadi ta rufe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, ko da Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sunayen da aka sani aka toshe, ƙaramar saba ba ta cikin jerin, kodayake da an lura da ita toshe ta ya fi sauƙi. Amma da aka kashe sadarwar waya a Zamfara a Satumban 2021, babu sabar da za ta yi amfani ga wanda wayarsa ba ta ganin sabis. Sannan ga doka: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su, da sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu su. Ƙungiyar da ta kafa saba ta shiga sahun waɗanda za a tambaya.

Sauran aikin ba shi da armashi, kuma shi ne mafi yawa. A buga apt update da apt upgrade a kai a kai. A leƙa rajistar da ke /var/log/prosody a ga ko wani na ta gwada kalmar sirrin wani, a kuma kula kada rajistar kanta ta zama rumbun bayanan wa ya shigo daga ina, domin matakin debug da ake kunnawa lokacin neman matsala yana rubuta abubuwa da yawa, kuma sau da yawa a manta a kashe shi. A yi kwafin ajiya, a kulle kwafin, a gwada dawo da shi ko sau ɗaya kafin ranar buƙata. Ma'aikacin da ya bar aiki a goge asusunsa da prosodyctl deluser a ranar da ya tafi. Abin da ƙananan ƙungiyoyi suka fi yin sakaci da shi kuwa shi ne makomar shi kansa mai kular. Ɗan bautar ƙasa ne ya kafa, ya gama shekararsa ya koma garinsu da makullin SSH a kwamfutarsa, sabar ta ci gaba da aiki babu mai iya shiga, babu mai iya sabuntawa. Shi ya sa ya kamata a ce mutum biyu ke da makulli tun ranar farko, sunan adireshin da asusun hayar kwamfutar su kasance da sunan ƙungiya, duk wanda ya sauya layi a fayil ɗin saiti kuma ya sa 'yan karan nan biyu a samansa ya rubuta kwanan wata da dalilinsa, da Hausa ma in ya so, tunda sabar ba ta karanta wannan layin, magajinsa ne zai karanta.